Yumɓun roba na yin duwatsun ado: yadda na sami Fimo, Premo, Cernit da Kato

Shekara biyu ke nan ina mulmula duwatsun ado da 'yan kunne da yumɓun roba, wanda wasu ke kira yumɓun polima, kuma a tsawon wannan lokaci samfura huɗu da suka fi suna a wajen masu wannan sha'awa sun bi ta hannuna, wato Fimo da Premo da Cernit da Kato, ban da wani akwatin masu koyo marar suna wanda da shi na buɗe ido. Ba sana'ata ba ce, aiki ne da nake zama a kansa idan na sami sukuni, saboda haka hukuncin da zan yanke a nan na wanda ke gasa faranti ɗaya ko biyu a mako ne. Abin da ya sa na ga ya dace in rubuta shi ne yadda yawan launuka ke ruɗin mai farawa, ya zuba kuɗinsa inda bai kamata ba, sannan idan sarƙarsa ta farko ta karye ya ɗora wa yumɓun laifi, alhali sau da yawa laifin yana cikin tanda.

Kafin a kai ga auna samfuran, ya kamata mutum ya san abin da yake riƙe da shi a hannu. Sunan yumɓu aro ne kawai, domin wannan ba lakar maginan tukwane ba ce. Garin robar PVC ne, dangin wadda ake yin bututun ruwa da ita, aka cuɗa shi da wani mai da ke tausasa shi, aka ƙara launi da wasu abubuwan cikawa. Ba ya bushewa a iska, shi ya sa mutum zai iya barin aiki rabi a kan tebur ya dawo bayan kwana uku ya ci gaba daga inda ya tsaya. Zafi ne kaɗai ke ƙarfafa shi: idan ya kai matakin da ake so, ƙwayoyin robar suna shanye man nan, su kumbura, su shige juna har su zama jiki guda. Idan kuwa zafin bai kai ba, abin zai yi tauri a ido da kuma a hannu, amma ƙwayoyin ba su gama haɗuwa ba, kuma daga nan ne gautsi ke fitowa. Duk abin da zan faɗa a kan kowane samfuri a kan wannan ya dogara.

Akwatin masu koyon da na fara saya ta intanet yana da kyan gani sosai, da launuka hamsin a jere cikin ƙananan ledoji, da wuƙaƙen roba, da 'yan ƙarafunan rataya 'yan kunne, da wata takarda mai hotuna. Babu sunan kamfanin da ya yi yumɓun a ko'ina, kuma takardar ta ba da zafin gashi mai faɗin da ba zai amfani kowa ba. Da na buɗe ledojin sai na tarar ba halinsu ɗaya ba: ja da baƙi suna narkewa a yatsu suna barin launi har cikin farce, fari da kore kuwa suna marmashewa ko an jima ana murza su. Duk da haka na yi farin ciki da duwatsun farko da suka fito daga tanda, sai da na ɗauki wani siririn ɗan kunne mai siffar ganye na ɗan lanƙwasa shi tsakanin babban yatsa da manuni, ya ce ƙas, ya rabu biyu, cikinsa kuma gari-gari kamar alli. Na sake gwada guda huɗu, duk suka bi sahunsa.

Adalci ya sa dole in ce rabin laifin ba na akwatin ba ne. Bayan wata guda na sayi ma'aunin zafi irin wanda ake ajiyewa a cikin tanda, na murɗa tandar zuwa digiri 130, na zauna a gaban gilashinta ina kallon allurar. Ta hau ta wuce 150 a lokacin da ƙarfen dumama ya yi ja, sannan ta sauko ta tsaya kusa da 105 na tsawon mintuna kafin ta sake tashi. Ma'ana duwatsuna suna shan ƙuna a sama na ɗan lokaci, kuma ba sa samun zafin da zai haɗe cikinsu. Ƙananan tandunan lantarki sun shahara da wannan hali, domin ƙarfen dumamarsu yana kusa da abin da ake gasawa. Da na gyara gashin, yumɓun akwatin ya ɗan yi dama, amma bai taɓa kai ƙarfin da zan yarda in rataya shi a kunnen wani ba. Ya isa a koyi mulmulawa da haɗa launi da shi, iyakarsa ke nan.

Fimo shi ne dattijo a cikinsu. Asalinsa ya koma ƙarshen shekarun 1930 a Jamus, lokacin da wani sabon abu mai kama da roba ya zo hannun Käthe Kruse, shahararriyar mai yin 'yar tsana, bai dace da aikinta ba, sai 'yarta Sophie, wadda ake yi wa laƙabi da Fifi, ta ɗauke shi ta riƙa sarrafawa tana yin zane-zanen ado. Daga laƙabinta sunan ya samo tushe. Kamfanin Eberhard Faber ya sayi haƙƙin haɗin a 1964, ya fito da shi kasuwa da sunan Fimo a 1966, kuma a yau kamfanin Staedtler ne ke yin sa. Ana gasa shi a digiri 110 na minti 30, kuma an rubuta a jikinsa kada a wuce 130. Yana da rassa da yawa, amma biyu ne suka shafi mai yin duwatsu: Fimo Soft, mai laushi da ke zuwa a giram 57, da Fimo Professional, mai tauri da ke zuwa a giram 85.

A kan Professional ɗin zan daɗe, domin shi ne ya sauya mini fahimtar wannan aiki. Idan aka buɗe shi yana da tauri, kuma wanda bai saba ba zai zaci ya tsufa ne. Sai an yayyanka shi siriri-siriri da reza, an dumama shi a tafin hannu, an yi ta ninkewa da murzawa kafin ya saki jiki, kuma wannan wahala ta minti biyar zuwa goma ita ce kuɗin da ake biya don abin da ke biye. Taurin nan shi ne amfaninsa a aikin sanda, dabarar da masu yumɓun roba suka aro daga maƙeran gilashi na Murano a Italiya, wadda ake kira millefiori, wato furanni dubu. Ana jera launuka a tsaye, a gina zane a cikin dunƙule mai kauri kamar gwangwani, ta yadda duk inda aka yanka za a ga zanen a fuska, sannan a riƙa matsawa daga tsakiya ana ja a hankali har dunƙulen ya koma siririyar sanda, zanen ya ƙanƙance ba tare da ya ɓaci ba. Yumɓu mai laushi ba ya jure wannan, domin launin da ya fi laushi yana riga saura gudu, layuka su karkace, idan kuma aka zo yanka reza ta ja baƙi ta shafa a kan fari.

Ranar da na yanka sandar farko da na gina da Professional, mai zanen fure mai ganye shida da baƙin layi siriri a gefen kowane ganye, na bar ta ta huce dare guda kafin in taɓa ta. Da reza ta ratsa, yankan ya faɗo a kan tayil kamar ƙaramin maɓalli, faɗinsa bai kai na ƙwayar wake ba, kuma duk layukan shida suna nan daram, ko ɗaya bai shiga cikin ɗan'uwansa ba. Na yanka kusan arba'in daga sandar nan, na lulluɓe duwatsu goma sha biyu da su, kuma har yau ita ce sarƙar da na fi so a cikin abin da na yi. Wani abin yabo shi ne launukansa na tushe, waɗanda aka tsara don a riƙa haɗa su: rawaya da shuɗinsa suna ba da kore mai tsabta, ba irin koren da ya sha toka ba. Wanda hannunsa ke ciwo, ko wanda ke son ya zauna ya gama aiki cikin rabin sa'a, Fimo Soft ya fi dacewa da shi, sai dai ya sani cewa a ɗaki mai zafi yana ɗaukar zanen yatsa da sauri.

Premo na kamfanin Polyform ne da ke jihar Illinois a Amurka, masu yin dangin yumɓun Sculpey baki ɗaya. Shi ma Sculpey tarihinsa na abin da aka ƙirƙira don wata manufa ne ya ɓuge a wata: a shekarun 1960 an so ya zama abin janye zafi daga cikin taransifomar lantarki, bai yi nasara a can ba, sai aka gano yana mulmuluwa yana kuma gasuwa. Premo yana zuwa a giram 57, ana gasa shi a digiri 130, minti 30 ga kowane kaurin milimita 6. Idan aka ce in zaɓi guda ɗaya da zan miƙa wa wanda bai taɓa taɓa yumɓun roba ba, shi zan ɗauka, domin yana tsakanin tauri da laushi, yana sakin jiki cikin minti biyu ko uku, yana riƙe zanen sanda gwargwado, kuma bayan an gasa shi da kyau siririn yanki yana lanƙwasuwa ya dawo ba tare da ya tsage ba. Wannan lanƙwasuwa kan tsorata mai farawa, ya zaci abin bai gasu ba, alhali ita ce shaidar ya gasu. Wanda bai gasu ba shi ne ke karyewa.

A cikin launukan Premo, masu ruwan zinariya da na lu'ulu'u suna ɗauke da ƙananan ɓarɓashin ma'adinin mika, kuma da su ake yin wata dabara da ta fi kowace burge ni. Idan aka yi ta wuce yumɓun ta cikin injin murza taliya, ɓarɓashin suna kwantawa su fuskanci gefe ɗaya, fuskar ta yi sheƙi. Sai a danna hatimi mai zane a kai, a bi da reza a aske tudun da ya taso, a sake lallaɓa fuskar ta kwanta sumul. Zanen yana nan a ido kamar an sassaƙa shi, amma idan aka shafa yatsa babu tudu babu kwari. Ƙanen Premo, wato Soufflé, mai giram 48, ya fi shi rashin nauyi, ba shi da ƙyalli, fuskarsa kamar ta fata mai laushi, kuma ga manyan 'yan kunne masu faɗi da ba a so su ja kunne ƙasa ban ga kamarsa ba. Sculpey III kuwa an fi yin sa ne don siffofi masu kauri da wasan yara, saboda haka wanda ke nufin siraran abubuwan rataya ya wuce shi zuwa Premo, kada kamannin sunan ya ruɗe shi a wajen saye.

Cernit, wanda ake yi a Beljiyam, halinsa daban ne. Yana da tauri idan yana da sanyi, amma da zarar ya ji ɗumin hannu sai ya saki jiki da sauri har ya soma danƙo, don haka aiki da shi yana son a riƙa ajiye shi a kan tayil yana hucewa tsakanin mataki da mataki. Ana gasa shi tsakanin digiri 110 da 130. Inda ya yi wa saura fintinkau shi ne nau'insa mai barin haske ya ratsa, wanda idan aka gasa shi siriri aka goge, yana kusan zama kamar gilashi mai hazo. Da shi ake kwaikwayon duwatsu na gaske: ɗan ƙwayar kore a cikin dunƙule guda yana ba da kamannin dutsen jed, ɗan ruwan zuma yana ba da kamannin ƙaron amba, kuma asirin shi ne a sa launi kaɗan ƙwarai, ƙasa da abin da ido ke nema, domin launin yana ƙara duhu a gashi. Irin wannan yumɓu, ko na wane kamfani ne, yakan fito da wasu fararen tabo masu siffar jinjirin wata a cikinsa, waɗanda iska ko danshin da ya maƙale a lokacin cuɗawa ke jawowa. A dutsen da ake so ya yi kama da na ƙasa, tabon nan ado ne. A inda ake son tsabta kuwa, sai a bushe hannu sosai, a kuma riƙa sa gefen ninki ya fara shiga inji don iska ta sami mafita.

Kato ba zan ja magana a kansa ba. Mai zane Donna Kato ce ta haɗa kai da kamfanin Van Aken na Amurka aka fito da shi a farkon shekarun 2000, ana gasa shi a digiri 150, shi ne mafi tauri a cikin huɗun, kuma yana da ƙanshin sabuwar roba da wasu ba sa so. Launinsa ba ya sauyawa sosai a gashi, ƙarfinsa bayan gashi ba ya da na biyu, kuma masu gina sanda mai zane ƙanana-ƙanana suna ji da shi. Na ƙwararru ne, kuma wanda ba shi da inji gara ya dakata.

Tunda na ambaci inji sau uku, bari in tsaya a kansa, domin a ganina kuɗin da mai farawa zai kashe a kan launuka talatin ya fi amfani a nan. Injin murza taliya ne na hannu, wanda masu yumɓun roba suka mayar nasu. Wanda ya fi suna shi ne Atlas 150 na kamfanin Marcato a Italiya, mai faɗin milimita 150 da matakan kauri daga 0 zuwa 9, ko da yake akwai masu araha da aka yi musamman don yumɓu, waɗanda ke biyan buƙata idan ba a tilasta musu haɗiye dunƙule mai tauri ba. Inji yana cuɗa yumɓu cikin ɗan lokaci, yana ba da shimfiɗa mai kauri ɗaya daga gefe zuwa gefe, kuma da shi ne ake yin haɗin launin da Judith Skinner ta fito da shi a shekarun 1990, wanda har yau da sunanta ake kiran sa. Ana yanka launi biyu a siffar alwatika, a haɗa su su zama murabba'i, a ninke daga ƙasa zuwa sama, a wuce ta inji, a sake ninkewa ta fuska ɗaya, haka har sau ashirin ko fiye. Da farko sai a ga ratsi-ratsi marasa kyau, mutum ya zaci ya ɓata, amma idan ya daure sai launin ya soma zuba daga ɗaya zuwa ɗaya a hankali kamar sararin sama bayan faɗuwar rana. Kuskure guda da ke rusa shi shi ne a juya shimfiɗar a ninke ta wani gefe. Injin da ya taɓa yumɓu kuwa ya bar kicin ke nan har abada, haka ma wuƙa da faranti da abin murzawa.

Game da gashi, ga yadda na tsaya bayan gwaje-gwaje da dama. Ina sa tayil a ƙasan faranti domin yana riƙe zafi ya hana shi hawa da sauka, ina shimfiɗa farar takarda a kai don kada gindin abin ya yi tabon sheƙi, sannan in kifa wani faranti ko takardar alminiyom a sama don kare farare da masu haske daga ƙuna. Duwatsu masu zagaye ba a ajiye su a fili kai tsaye, domin yumɓu yana ƙara laushi kafin ya yi tauri, gefen da ya taɓa ƙasa ya baje. Ana soke su a siririn ƙarfe a rataya, ko a jera su cikin kwali da aka ninke kamar fanka, ko a binne su cikin garin sitaci. Ba na fara ƙirga lokaci sai ma'auni ya nuna zafin ya koma inda ake so bayan an rufe ƙofa, kuma na fi son in ƙara lokaci a kan abin da aka rubuta, domin tsawon lokaci a zafin da ya dace ba ya ƙona yumɓu, ƙarfi yake ƙara masa. Abin da ke ƙona shi shi ne wucewar zafi: idan ya haura wajen digiri 175 yana yin baƙi, ya kumbura, ya fitar da hayaƙi mai yaji a ido da maƙogwaro, kuma idan haka ta faru sai a kashe tanda, a buɗe tagogi, a fita. A kowane gashi ina sa wani siririn yanki na gwaji daga yumɓun da na yi aiki da shi, idan ya huce in lanƙwasa shi, shi ne ke gaya mini gaskiyar abin da ya faru a ciki.

Huda dutse ma yana da nasa sirri. Idan aka soka allura ta gefe ɗaya har ta fita, bakin mafitar yana tsagewa, dutsen kuma ya koma kamar ƙwai. Gara a bar shi ya huce bayan mulmulawa, a murza allura a hankali har a ji tsininta ya kusa fita a ƙarƙashin yatsa, a zare, a shiga ta ɗaya gefen. Yanzu ma na fi son in yi ɗan ƙaramin rami kawai kafin gashi, bayan ya gasu in faɗaɗa shi da ɗan abin huda na hannu, domin gasasshen yumɓun roba yana hudawa cikin sauƙi kuma ramin yana fita da tsabta.

A wajen gamawa ne samfuran suka sake rabuwa. Fimo Professional da Premo da Cernit duk suna karɓar guga: ana bi da samfefa a cikin ruwa, daga lamba 400 zuwa 600 zuwa 800 zuwa 1000, ba tare da tsallake ko ɗaya ba, sannan a goge da tsumma mai kauri har sheƙi ya taso daga jikin abin. Aiki ne mai cin lokaci da fatar yatsu, amma dutsen da aka goge haka yana da santsi da ɗumi a hannu da babu wani man ƙyalli da zai ba shi. Soufflé kuwa ba don sheƙi aka yi shi ba, a bar shi yadda ya fito. Wanda ya fi son ya shafa man ƙyalli ya nemi wanda ruwa ne tushensa, ya kuma gwada a kan ɓaraguzai tukuna. Jan farce da yawancin mayukan feshi abokan gabar wannan yumɓu ne, domin sinadarin da ke cikinsu yana faɗa da man da ke jikin robar, abin ya yi kyau a ranar farko, bayan 'yan makonni ko watanni ya koma danƙo yana kama ƙura. Na yi asarar munduwa guda ta wannan hanya, kuma laifina ne, don an gargaɗe ni. Haka nan gam mai kamawa nan take ba abin dogaro ba ne wajen manna ƙarfen ɗan kunne, domin yana yin gautsi da daɗewa. Abin da ke riƙewa shi ne a ɗora ƙarfen, a shafa yumɓu na ruwa, a rufe gindinsa da siririn yanki, a sake gasawa, tunda yumɓun roba yana jure gashi sau da yawa. Ƙarafunan da suka zo cikin akwatina na farko sun dushe cikin wata biyu, kuma tunda ƙarfen nikel na cikin abubuwan da suka fi jawo ƙaiƙayin fata, yanzu ba na sayen maratayi sai na baƙin ƙarfe marar tsatsa ko wanda aka bayyana abin da aka yi shi da shi.

Ajiya ba ta da wuya idan an kiyaye abu biyu. Zafi yana fara gasa ɗanyen yumɓu tun yana cikin ledarsa, saboda haka ba a barin sa a mota ko a bakin taga. Sannan man da ke cikinsa yana cinye wasu robobi masu tauri da ƙyalli, musamman masu lamba 6 a gindi, ya narke ya manne da su, amma masu lamba 5 ba sa samun matsala. Yumɓun da ya yi laushi fiye da kima ana shimfiɗa shi tsakanin fararen takardu biyu na 'yan sa'o'i su tsotse rarar man, wanda ya yi tauri kuma ana cuɗa shi da ɗigon yumɓu na ruwa ko abin tausasawa da kamfanonin ke sayarwa.

Da za a mayar da ni ranar da na fara, da fari da baƙi da launukan tushe uku na Premo zan saya, fari ya ninka saura domin shi ya fi ƙarewa, tare da ma'aunin zafi da tayil da reza mai kaifi, in ƙara inji da zarar hali ya samu. Fimo Professional zai shigo ranar da na soma sha'awar aikin sanda, Cernit mai haske kuma ranar da na so kwaikwayon dutse. Ana iya cuɗa samfuran da juna, ni ma nakan yi, in dai an lura da zafin da kowannensu ke buƙata, shi ya sa ba na haɗa Kato da Fimo a dunƙule ɗaya. Ragowar akwatin nan mai launi hamsin kuwa ban zubar ba. Na cuɗe su wuri ɗaya suka zama wani launi tsakanin toka da ƙasa, kuma da shi nake mulmula cikin manyan duwatsu, in lulluɓe da yanka-yankan sanda na yumɓu mai kyau, ta yadda babu mai ganin sa sai wanda ya leƙa cikin ramin zare.